Ginin Rumawa Da Bulon Zongo

Jama'a, duk shekara in ruwa ya sauka sosai, ba a rasa jin labarin katangar da ta faɗi a zongo, ko ɗakin da ya tsage tun daga tushe har rufi, ko kwalbatin da aka gina bara ya rufta bana. In an zauna ana jajantawa, sai ka ji wani dattijo ya ce, ai ginin mutanen dā ya fi ƙarko, na yanzu duk ha'inci ne. Samari kuwa sai su yi murmushi, su ce tsoho ya tuna da zamaninsa. Ni ma dā ina cikin masu murmushin nan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wani bincike da wani shehun malami ya yi a kan kankaren Rumawa, wanda ya nuna mini cewa dattijon yana da gaskiya ta wani fanni, ko da ya ke bai faɗi dalilin ba. To, dalilin nan na ke so mu duba tare, domin ya shafi kuɗinmu, ya kuma shafi ran 'ya'yanmu da ke kwana ƙarƙashin rufin da muka biya aka zuba.

Sunan malamin Admir Masic. Yana koyar da aikin injiniya a babbar makarantar fasaha ta Amurka wadda a ke kira MIT. Asalinsa mutumin Bosniya ne, yaƙi ya kore shi daga gida a 1992 yana yaro, ya zauna a Kuroshiya yana ɗan gudun hijira, daga baya ya sami hanya ya tafi birnin Turin na Italiya ya yi karatun ilmin haɗa sinadarai. Aikinsa shi ne ya ɗauki ɓaraguzan tsohon gini, ya sa su ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya gano abin da aka haɗa da yadda aka haɗa shi. Tambayar da ta dame shi kuwa tsohuwa ce, masana sun daɗe suna yin ta: me ya sa kankaren da Rumawa suka zuba shekara wajen dubu biyu ya ke tsaye har yau, alhali kuwa namu na siminti yakan fara ɓarewa tun wanda ya zuba shi yana da rai?

Domin kada a ce zuƙi ta malle ce, ga misali. A tsakiyar birnin Rum akwai wani gini da a ke kira Pantheon, wanda aka gama wajen shekara ta 126 bayan haihuwar Annabi Isa, zamanin Sarki Hadrian. Faɗin ƙubbarsa ƙafa 142 ne, watau mita 43. Babu rodi ko ɗaya a cikinta, kankare ne zalla, har yau kuma babu wata ƙubba ta kankare marar ƙarfe a duniya da ta kai ta girma. Maginan nan sun san nauyi ya ke kashe gini. Saboda haka a gindin ƙubbar suka yi kaurin ƙafa 21 da tsakuwar dutse mai nauyi, suna hawa suna rage kauri suna sauya tsakuwa, har a can ƙoli kaurin ya koma ƙafa 4, tsakuwar kuwa ta zama irin dutsen nan mai ramuka marar nauyi da dutse mai aman wuta ke fitarwa. Wanda ya yi wannan dabara ya san halin kowane dutse kamar yadda mahauci ya san gaɓar sa.

To, ga inda binciken ya shigo. Duk wanda ya fasa kankaren Rumawa zai ga waɗansu 'yan ƙulalai farare a warwatse cikinsa, ba su fi ƙwayar gero ko ta dawa ba. Farar ƙasa ce wadda ba ta narke cikin kwaɓi ba. Masana da yawa da suka gan su sai suka ce, ai wannan sakaci ne, lebura bai juya kwaɓin sosai ba, ko kuwa kayan ne ba su da kyau. Haka aka yi ta faɗa. Malam Masic bai yarda ba. Ya ga mutanen da suka ɗauki wahalar auna kaurin ƙubba da zaɓen tsakuwa, ba zai yiwu a ce su ne kuma suka kasa juya kwaɓi a kowane gari, shekara da shekaru, ba. Sai shi da wata almajirarsa, Linda Seymour, da sauran abokan aikinsu suka ɗebo gutsattsarin ganuwar wani tsohon gari da a ke kira Privernum, kudu da Rum, suka shiga dubawa.

Sai in ɗan yi bayani a kan farar ƙasa, don maganar ta fito fili. Akan sami wani irin farin dutse, a gasa shi cikin tanda da zafin da ya kai digiri 900. In ya fito, ya zama farar ƙasa mai rai, wadda in ka zuba mata ruwa za ta yi ta huci tana tafasa, har ta ƙona hannu. In ta gama tafasa ta huce, ta mutu ke nan, ta zama kamar kunu, irin wadda mu ke shafa wa bango. Abin da aka zata a dā shi ne Rumawa da matacciyar kaɗai su ke kwaɓi. Amma da aka duba ƙulalan nan, sai aka ga alamun zafi mai tsanani a jikinsu, watau an zuba farar ƙasa mai rai kai tsaye cikin yashi da tokar dutse mai aman wuta, sa'an nan aka zuba ruwa, kwaɓin ya ɗau zafi tun a wurin aiki. Zafin nan shi ke barin ƙulalan, ya kuma sa su zama masu gautsi.

Amfaninsu kuwa ga shi. In gini ya tsufa ya fara tsagewa, tsagar takan bi ta inda ya fi gautsi, watau ta kan ƙulalan. In ruwan sama ya shiga tsagar, sai ya narkar da farar ƙasar da ke ajiye a wurin, ta gangara cikin tsagar, ta daskare ta koma dutse irin wanda aka gasa tun farko. Ruwan da ke rusa namu ginin, shi ke ɗinke nasu. Malaman ba su tsaya ga zato ba. Sun kwaɓa kankare iri biyu, ɗaya da farar ƙasa mai rai, ɗaya babu, suka tsaga kowanne da gangan, suka yi ta kwarara ruwa ta cikin tsagar. Kafin mako biyu, tsagar mai farar ƙasa ta toshe, ruwa ya daina wucewa. Ɗayan kuwa ruwa ya ci gaba da zuba abinsa. An buga wannan sakamako a watan Janairu na 2023 cikin mujallar masana mai suna Science Advances. Ashe abin da aka ɗauka ganganci ne, magani ne aka ajiye tun kafin ciwo ya zo.

Kafin wannan ma, wata malama mai suna Marie Jackson ta Jami'ar Utah ta binciki kankaren da Rumawa suka zuba cikin teku don gina tashoshin jiragen ruwa. A 2017 ta nuna cewa ruwan gishiri da ke ratsa kankaren yakan haɗu da tokar dutse mai aman wuta, sai waɗansu sababbin ma'adinai su tsiro cikin ƙofofinsa, su ƙara ɗaure shi. Tokar nan, mafi shahara ita ce wadda a ke haƙowa a Pozzuoli kusa da birnin Naples, daga sunan garin ne ma aka sami kalmar pozzolana da injiniyoyi ke amfani da ita har yau. Ku riƙe wannan kalma, za mu sake haɗuwa da ita kusa da gida.

Amma fa, kada wani ya tashi daga nan ya ce Rumawa sun fi mu kome da kome, mu watsar da siminti mu koma zamanin dā. Wannan kuskure ne, ni kuwa ba shi na ke faɗa ba. Abin da mu ke gani yau shi ne wanda ya tsira. Wanda ya rushe ba ya nan balle ya ba da shaida. Talakawan birnin Rum suna zaune ne cikin dogayen benaye na haya da ke yawan ruftawa da cin wuta, har sai da Sarki Augustus ya yi doka cewa kada a ɗaga gini bakin hanya ya wuce ƙafa 70. A shekara ta 27 kuma, a wani gari mai suna Fidenae kusa da Rum, wani mutum Atilius ya gina dandalin kallon wasa na katako don neman riba, bai kafa tushe a ƙasa mai ƙarfi ba, bai ɗaure katakon sosai ba. Ranar wasa jama'a suka cika shi maƙil, ya rufta da su. Marubucin tarihi Tacitus ya ƙidaya mutum 50,000 tsakanin matattu da waɗanda suka nakasa. Ɗan kwangila mai son banza ya girmi siminti nesa ba kusa ba.

Sa'an nan kuma simintin zamani, wanda wani birkila na birnin Leeds a Ingila mai suna Joseph Aspdin ya yi wa rajista a 1824, yana da nasa fifikon. Ya fi saurin kamawa, ya fi ɗaukar nauyi, in an haɗa shi da rodi kuwa yana yin gada da bene irin waɗanda Rumawa ba su iya ba. Sai dai rodin nan shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma ajalinsa. In ruwa ko gishiri ya kai ga ƙarfe, sai ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Duk wanda ya zauna a bakin teku, a Akra ko Sekondi, ya ga baranda da ta ɓare, jan ƙarfe ya leƙo waje. Ga shi kuma tandar siminti tana bukatar zafin digiri 1,450, har an ƙiyasta cewa wajen kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya daga yin siminti ya ke fitowa. Saboda haka ne masana ke neman hanyar da za a tsawaita ran kankare, shi ya sa kuma binciken nan ya ja hankalin duniya.

To, mene ne namu a ciki? A ganina, ginin Rumawa da ya tsira, ya tsira ne domin mai aiki ya san abin da ke hannunsa, kuma akwai wanda zai tambaye shi in ya yi wasa. Ga shaida. Wani maginin Rumawa mai suna Vitruvius ya rubuta littafi mai kashi goma a kan gini, zamanin Sarki Augustus. A ciki bai ji nauyin tsayawa ya yi bayanin yashi ba. Ya ce a murza shi a hannu, in ya yi ƙaraurau mai kyau ne. A watsa shi kan farin zane a kakkaɓe, in bai bar datti ba ya isa a yi aiki da shi. Ya yi kashedi da yashin teku, domin ba ya saurin bushewa, gishirinsa kuma yana ɓata yaɓe. Ya faɗi awo: yashin rami kashi uku, farar ƙasa kashi ɗaya, na kogi kuwa kashi biyu da ɗaya. Ku gaya mini, cikin masu tara kuɗin gini a zongo, mutum nawa ne ya taɓa ɗiban yashin da mota ta sauke ya murza ya duba?

Mutumin nan ya kuma ba da labarin wata doka ta birnin Ephesus da ya yi fatan a kafa irinta a Rum. In magini zai karɓi aikin gari, sai ya faɗi abin da aikin zai ci, a riƙe dukiyarsa jingina wurin hukuma har a gama. In kuɗin ya tsaya inda ya faɗa, a girmama shi. In ya haura da abin da bai wuce rubu'i ba, gari ya cika. In ya zarce rubu'i, to, daga aljihunsa za a cire. Bayan abin da ya faru a Fidenae ma, majalisar Rum ta kori Atilius daga ƙasa, ta kuma hana a sake kafa dandali sai an gwada ƙarfin ƙasar wurin. Mu fa? Mukan ba da aiki da fatar baki, ba takarda ba shaida, don mai aikin ɗan uwan wane ne. In ginin ya tsage, kunya ta hana a yi magana, sai a ce haka ya zo.

Na taɓa shiga cikin waɗanda aka ɗora wa duba aikin wata katanga da jama'a suka yi karo-karo. Mai buga mana bulo ya rage mana kuɗi, muka yi ta murna mun sami araha. Da damina ta biyu ta zo, sai ga katanga kwance. Na ɗauki guntun bulo na murza da yatsa, ya zube kamar garin rogo. Mutumin ya ja buhun siminti ɗaya ya buga bulo fiye da ƙima, bai kuma shayar da su ruwa ba, ya shanya su a rana don ya yi saurin sayarwa. Laifinsa ne, amma mu ma muna da namu, domin babu ko ɗaya cikinmu da ya san cewa siminti ba bushewa ya ke yi ba, kamawa ya ke yi, kuma da ruwa ya ke kamawa. Sabon kankare yana son a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana bakwai, injiniyoyi kuwa sai ya cika kwana 28 su ke gwada ƙarfinsa. Araha ba ta ado, mun biya kuɗin katanga sau biyu.

Akwai kuma maganar gyara, wadda mu ke yi wa riƙon sakainar kashi. Rumawa sun shahara da dogayen magudanai da suka jawo ruwan sha daga tsaunuka zuwa birni. Na farko, Aqua Appia, an gina shi a shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa. Wani kuma, Aqua Virgo, wanda aka gama a shekara ta 19 kafin haihuwarsa, tsawonsa wajen mil 13, galibinsa ƙarƙashin ƙasa, har yau ruwansa ne ke zuba a shahararren kwarmin nan na Trevi. Mutane kan ji haka su ce kankare ne. Kankare ya yi nasa, amma a shekara ta 97 da aka naɗa Frontinus sarkin ruwa na birnin, ya rubuta cewa akwai ma'aikata ƙungiya biyu, ɗaya mutum 240, ɗaya 460, ba su da wani aiki sai duba magudanai da toshe yoyo. Bayi ne, wannan kuwa abin kunya ne a tarihin Rum, ba abin koyi ba. Abin koyi shi ne an ware mutane da kuɗi don gyara tun abu bai lalace ba. Da mulkin ya raunana, abokan gaba suka yanke magudanan a shekara ta 537, masu gyara suka ƙare, yawancinsu suka mutu murus. Shi kansa Aqua Virgo sai da aka yi masa babban gyara a 1453. Mu kuwa mukan yi bikin buɗe gini da kiɗa da abinci, amma ba a ajiye ko kwabo don ranar da kwano zai fara yoyo.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, shi ne kuma gindin maganata. Me ya sa sai da aka shekara kusan dubu biyu kafin a gane amfanin ƙulalan nan? Domin sanin yana hannun masu kwaɓi ne, masu alƙalami kuwa ba su rubuta shi filla-filla ba. Da sana'ar ta mutu, sanin ya bi ta kabari. Masanan da suka zo daga baya kuma suka dubi aikin lebura da idon raini, suka yanke masa hukuncin sakaci. Vitruvius ya hango wannan haɗari tun a farkon littafinsa, inda ya nuna cewa mai aikin hannu da ba shi da karatu ba ya samun matsayin da ya dace da wahalarsa, mai karatu da ba ya taɓa aiki kuwa inuwa ya ke bi. Ya so magini ya iya rubutu da zane da lissafi, ya san tarihi da shari'a, har da wani abu na ilmin lafiya don ya san inda iska da ruwa ke da kyau.

A zongo mun raba waɗannan biyu rabuwar da ba ta da amfani. Yaron da ya yi ƙoƙari a makaranta, sai a ce ya zama akawu ko lauya, kada ya taɓa cebur. Wanda karatu ya gagara, shi a ke turawa wurin birkila, kamar sana'ar gini horo ce. Sakamakon haka, mai karatunmu bai san bulo mai kyau ba, maginimmu kuma ba ya iya karanta zanen injiniya, balle ya yi gardama da ɗan kwangila in an ce ya rage rodi. Shi kuwa Malam Masic yakan kwashi almajiransa daga Amurka ya kai su Italiya lokacin hutu, su taɓa tsofaffin gine-gine da hannunsu, su kwaɓa farar ƙasa da kansu. A 2017 kuma ya kafa wani shiri a makarantarsu na koyar da 'yan gudun hijira, don ya san abin da karatu ya yi masa sa'ad da ba shi da gida. Mu da kakanninmu suka zo ƙasar nan baƙi da fatauci, ya kamata labarin yaron nan ya tsaya mana a rai.

Kada kuma a ce wannan duk labarin Turai ne. A nan Gana muna da misali a Larabanga, can arewa, inda tsohon masallacin ƙasa ya ke. A shekarun 1970 aka shafe bangonsa da siminti da nufin a kare shi daga ruwa, da kyakkyawar niyya. Sai simintin ya kulle danshi a ciki, bango ya kasa numfashi, gara ta shiga itatuwan da ke riƙe da shi, ginin ya fara lalacewa. A 2002 aka sa shi cikin jerin gine-ginen tarihi na duniya da ke cikin haɗari. Maganin da aka yi masa shi ne aka kankare simintin nan duka, aka koma yaɓen ƙasa irin na dā, da hannun maginan garin. Waɗanda suka gina shi sun san halin ƙasa, waɗanda suka zo taimako da buhun siminti ba su tambaye su ba. Kuskuren da aka yi wa ƙulalan Rumawa ke nan, sai dai wannan a ƙofar gidanmu.

Ga kuma kalmar nan da na ce ku riƙe. A Fumesua kusa da Kumasi akwai ma'aikatar gwamnati mai binciken gini da hanyoyi. Masananta sun daɗe suna aiki a kan pozzolana da a ke yi da yumɓun ƙasar nan, a gasa shi a niƙa, ya maye gurbin wani kashi na siminti cikin kwaɓi. Dabarar Rumawa ce, yumɓu ya tsaya a madadin tokar dutse. Mutum nawa ne cikinmu ya san da wannan? Yaranmu nawa ne ke da burin yin aiki a irin wurin nan? Amma dukanmu mun ji labarin benen kanti da ya rufta a Achimota cikin Nuwamba 2012, mutum 14 suka rasu. Mun yi juyayi kwana biyu, muka koma sayen bulo mai araha.

Na san abin da wani zai ce: Malam, kai kana maganar sarakunan Rum masu taskar zinariya, mu kuwa da ƙyar mu ke haɗa kuɗin buhu goma, ga kuɗin haya, ga kuɗin makaranta. Gaskiya ne, talauci ba wasa ba ne, ban kuwa raina shi ba. Amma a duba abin da na lissafa. Murza yashi a hannu ba ya cin ko sisi. Shayar da kankare ruwa kwana bakwai, yaro da bokiti ya isa. Rubuta yarjejeniya da magini gaban shaidu biyu, takarda ɗaya ce. Mai kuɗi in gininsa ya tsage ya rushe ya sake wani. Talaka kuwa gini ɗaya gare shi a rayuwa, shi ne zai bar wa marayu. Saboda haka talaka ya fi kowa bukatar ya san abin da a ke zuba masa. In kuɗi bai isa ɗaki huɗu masu kyau ba, a yi biyu masu kyau, sauran su jira. Gaggawa ba ta haifar ɗa mai ido.

Shawarata ga jama'armu ita ce wannan. Duk aikin gini na karo-karo, a sa mutum ɗaya da ya san aikin cikin masu riƙe kuɗi, ko da biyansa za a yi, ya tsaya ranar da a ke kwaɓi ya ƙirga buhu da kwanon yashi da idonsa. Kada a biya magini kuɗinsa duka sai ginin ya ga damina ɗaya, a kuma faɗa masa haka tun ranar ciniki. Daga kowace gudummawa a cire wani abu a ajiye da sunan gyara, kada a taɓa shi don biki. Iyaye kuma, in kuna da yaro mai kaifin lissafi, ku bar shi ya tafi makarantar koyon sana'a ko ta injiniya, lokacin hutu ku kai shi wurin birkila ya ɗauki kwano. Wanda ke hannun birkila kuwa, a taimake shi da karatun dare har ya iya karanta zane.

Saura abu guda, shi ne ya fi sauƙi, shi ne kuma lokacinsa ke ƙurewa. A kowane zongo akwai tsofaffin magina da suka yi aiki da ƙasa da farar ƙasa tun siminti bai yi yawa ba. Sun san wace ƙasa ce ke tsagewa, wace ce ke riƙe ruwa, kwana nawa a ke barin kwaɓi ya ruɓa, me a ke haɗawa cikin yaɓe don ruwa ya zame. Ba a rubuta ko layi ɗaya na wannan ba. Ina roƙon 'yan makarantarmu, kowa ya sayi littafin rubutu na kwabo kaɗan, ya je ya durƙusa ya gai da tsohon maginin unguwarsu, ya ce, Baba, na zo ka koya mini. In ya faɗi abin da ya yi kama da camfi, a rubuta shi yadda ya faɗa, kada a yi dariya, a bar masu madubi su gwada daga baya. Rumawa sun yi sa'a, ganuwar Privernum ta jira shekara dubu biyu har mai tambaya ya zo. Ginin ƙasa ba ya jira haka, tsoho kuma bai fi 'yan damuna kaɗan ba.